Ku Ɗaga Rigar Yaron Ku Duba: Alamomin Da Ke Nuna Numfashinsa Ya Shiga Hatsari

Tari shi ke hana gida barci, amma ƙarar tari ba ita ke nuna girman ciwo ba. Wani yaron zai kwana yana tari har maƙwabta su ji, gari na wayewa ya sha kokonsa ya fita wasa. Wani kuma tarinsa bai taka kara ya karya ba, ya yi lamo a bayan uwarsa, ana cewa a bar shi ya samu barci, alhali huhunsa ya cika da ruwa da mugunya, ƙarfinsa yana ƙarewa kaɗan-kaɗan. Abin da ya bambanta yaran nan biyu kunne ba ya kamo shi sosai. Ido ke kamo shi, shi ma sai an kwance goyo, an ɗaga riga, an zuba wa ƙirji da ciki ido na minti guda. A wannan fage gani ya kori ji.

Lamarin ya fi shafar mu fiye da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ciwon nimoniya, wanda ake kira sanyin haƙarƙari, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000, wato kashi 14 cikin ɗari na dukan yaran da suka rasu a wannan ƙurciya. A ƙiyasin UNICEF na shekarar 2018 Najeriya ce a kan gaba da yara 162,000, ta wuce har Indiya mai ɗimbin jama'a. Maganin mafi yawansu mai araha ne. Abin da ke cin su shi ne jinkiri, jinkirin kuma daga rashin gane alamar yake farawa.

Dalilin da ya sa ciwon numfashi ke saurin kayar da yaro yana cikin ƙirar jikinsa. Hanyar da iska ke bi a wuyan jariri faɗinta kamar milimita 4 ne. Idan ta kumbura da milimita 1 kacal ta kowane gefe, rabin faɗin ya tafi ke nan, kashi uku cikin huɗu na sararin kuma ya toshe. Kumburin da a wurin babba bai wuce dishewar murya ba, shi zai shaƙe jariri. Haƙarƙarinsa bai gama ƙwari ba, don haka yawancin aikin numfashi ya rataya ne a kan shimfiɗaɗɗen naman da ya raba ƙirji da ciki, shi ya sa cikin jariri ke hawa yana sauka in yana barci. Naman nan kuwa yana gajiya. Ga shi jikin yaro ya fi na babba cin iskar oksijin, kusan ninki biyu idan aka yi la'akari da nauyinsa, ajiyarsa kuma ba ta da yawa.

Ƙirga numfashi

Babba mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Yaro tun asali ya fi haka sauri, kuma gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon saurinsa, saboda haka ba a auna shi da ma'aunin manya. Lambobi uku ne ya kamata kowace uwa da kowane uba su haddace. Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan numfashinsa ya kai 60 a minti ko ya wuce, ya yi sauri. Daga wata biyu har zuwa kafin cikar shekara, iyakar 50 ce. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Yaron da ke da tari ko mura kuma numfashinsa ya kai waɗannan lambobi, ma'aikacin lafiya zai ɗauke shi a matsayin mai nimoniya, ko da ba a yi masa hoton ƙirji ba.

Lambobin ba daga ka aka yanko su ba. A shekarun 1980 likitocin da ke aiki a ƙasashe masu ƙarancin kayan asibiti, irin su Papua New Guinea da Gambiya, sun gano cewa ƙirga numfashi da kallon ƙirji sun isa a ware yaran da ke buƙatar magani daga masu murar da za ta wuce da kanta. A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sa wannan a cikin tsarin da ake koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Abin da malamin asibitin sha-ka-tafi ke yi da agogonsa, babu abin da zai hana uwa ta yi shi a ɗakinta.

Sharaɗin shi ne yaron ya zama a natse. Mai kuka, ko mai shan nono, ko wanda ya gama guje-guje, ƙirgensa ba ya ba da gaskiya. Lokacin barci ya fi kowane lokaci. A ɗaga rigar a hankali kada a tashe shi, a samu haske, a kalli wuri ɗaya a ciki ko ƙirji. Hawa da sauka tare, ɗaya ke nan. A ƙirga minti guda cif, ba rabin minti a ninka ba, domin numfashin ƙananan yara ba ya tafiya bai-ɗaya: ya yi sauri, ya lafa, ya sake sauri. In da hali mutum biyu su yi, ɗaya ya riƙe agogon waya, ɗaya ya ƙirga, don ido ba ya iya kallon wuri biyu. In an yi shakka a sake. Zazzaɓi shi kaɗai yana ƙara saurin numfashi, saboda haka idan jikin ya yi zafi a ba da farasitamol daidai da nauyin yaron, a sake ƙirgawa in zafin ya sauka. Numfashin da bai sauka tare da zazzaɓin ba, na huhu ne sai in an tabbatar da akasin haka. Amma wannan jira na yaron da ke shan nono ne, yana kallon mutane, ƙirjinsa lafiya. Wanda ya nuna alamomin da ke tafe, ba a jiran komai.

Abin da ƙirji ke faɗa

Idan yaro mai lafiya ya ja numfashi, ƙirjinsa da cikinsa tare suke tasowa. Idan huhu ya yi tauri saboda ciwo, ko hanya ta ƙuntata, sai yaron ya riƙa jan iska da ƙarfin tsiya, har ƙasan haƙarƙarinsa ya loɓa ciki a daidai lokacin da cikinsa ke tasowa. A nan mutane da yawa ke kuskure, domin kowane ƙirji yana sauka in an fitar da numfashi. Abin dubawa shi ne loɓawar da ke zuwa lokacin jan numfashi, a ƙasan ƙirji inda haƙarƙari ya ƙare, tana maimaituwa a kowane numfashi, yaron kuma ba kuka yake yi ba. Wannan ta fi saurin numfashi nauyi. Jariri sabon haihuwa yakan ɗan loɓa kaɗan saboda taushin ƙashinsa, wannan ba komai. Amma loɓawa mai zurfi wadda za a hango daga nesa, ko a jariri alama ce ta hatsari.

Tare da ita a duba ramin maƙogwaro, wato gurbin da ke saman ƙashin ƙirji, da tsakanin haƙarƙari. Idan fatar wurin tana zuƙewa ciki a kowane numfashi, yaron yana wahala. A kalli hanci: ƙofofinsa na buɗewa suna rufewa? A kalli kai: jaririn da kansa ke gyaɗawa gaba tare da kowane numfashi ba gyangyaɗi yake yi ba, jijiyoyin wuyansa ya sa a aikin jan iska saboda na ƙirji sun gaza.

Sai nishi. Wannan ita ce alamar da na fi so iyaye su riƙe, domin ita aka fi yi wa mummunar fassara. Ɗan gajeren sauti ne, "ih, ih", da ke fita a ƙarshen kowane numfashi. Sau da yawa akan ce ciwon ciki ne, ko yunƙurin kashi, ko haƙori. Nishin kashi yana zuwa ya wuce, fuska ta yi ja, a ga abin da ya fito. Nishin huhu ba ya tsayawa. Abin da ke faruwa shi ne yaron yana ɗan rufe maƙogwaronsa yayin fitar da numfashi don ya tsare sauran iska a huhu, kada ƙananan aljihunan huhun su manne. Jikin da ya kai ga wannan dabara ya kusa ƙure ƙoƙarinsa.

Kunne ma yana da nasa aikin, sai dai a lura da lokacin da sautin ke fita. Ƙara mai kaushi da ke zuwa lokacin jan numfashi daga maƙogwaro take, tana nuna hanyar sama ta ƙuntata. Idan sai yaron yana kuka ake jin ta, da sauƙi. Idan ana jin ta yana zaune a natse, a tafi asibiti nan take. Siririn fito da ke zuwa lokacin fitar da numfashi kuwa daga cikin ƙirji yake, sai an kai kunne kusa da bakin yaron ake jin sa sosai, shi ne na asma da kumburin ƙananan hanyoyin iska. Akwai kuma gurgurar majina a hanci, wadda ta fi duka ƙara ta fi duka tsorata uwa, ita ce kuma mafi sauƙi. A ɗiga ruwan gishirin da ake sayarwa don hanci, a share, sai a ji ta ragu.

Littattafan likitanci suna cewa yaron da iska ta yi wa ƙaranci yakan yi shuɗi. A fatarmu ba a fuska ake neman wannan ba. A buɗe baki a duba harshe da dasashi da cikin leɓe. Idan jan da aka saba gani ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, oksijin ya yi ƙasa ƙwarai. Kada dai a jira ganin wannan, don alama ce ta ƙarshe-ƙarshe, kuma yaron da ba shi da isasshen jini zai iya galabaita sarai ba tare da launinsa ya yi shuɗi ba, sai dai ya yi fari fat.

Halin yaron shi ma shaida ne. Jariri ba ya iya tsotso da haki a lokaci ɗaya, don haka sai ya kama nono ya saki, ya yi haki, ya sake kamawa, daga baya ya ƙi gaba ɗaya. Wanda ya iya magana ba ya iya kai zance ƙarshe sai ya tsaya ya ja numfashi. Wani ya ƙi kwanciya, sai zaune ya dafa gwiwa. Wani ya yi ta fizge-fizge da rigimar da rarrashi ba ya kashewa. Mafi muni shi ne abin da ke biyo bayan wannan. Yaron da ya kwana yana haki, sai can da asuba numfashin ya ragu, ya yi shiru, jikinsa ya saki, ana tashinsa yana komawa. Gida sai a yi hamdala a ce sauƙi ya samu. Sauƙi na gaskiya yana zuwa da buɗe ido da neman nono da ƙirjin da ya daina loɓawa. Shirun da ya zo ba tare da waɗannan ba gajiya ce, kuma daga ita sai tsayawar numfashi.

Jaririn da bai kai wata biyu ba

Shi nasa hukuncin daban ne. Sabon jariri mai lafiya yakan yi numfashi da sauri, ya tsaya na daƙiƙa biyar zuwa goma, ya ci gaba, launinsa bai canza ba. Wannan al'adar jarirai ce, musamman bakwaini. Tafin hannu da na ƙafa su ɗan yi shuɗi a kwana ɗaya ko biyun farko, shi ma ba abin tashin hankali ba ne muddin harshe ja ne. Tsayawar da ta kai daƙiƙa 20, ko wadda ta zo da canjin launi ko sakin jiki, ita ce ta hatsari.

Matsalar jariri ita ce ciwo mai tsanani yakan zo masa ba tari, ba ma zazzaɓi. Sai dai a ga ya daina kama nono da kyau, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ba ya motsi sai an taɓa shi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan, ko numfashi 60 da aka ƙirga sau biyu, ko nishi, ko loɓawa mai zurfi, ya isa a fita da shi. Ba a jiran suna, ba a jiran arba'in. Idan mai jego ba ta iya fita, ai akwai kaka da gwaggo da uban yaron, ko da yake tafiya da uwar ya fi, saboda nono da ɗumin jikinta.

Daga ina matsalar take

Nimoniya ce kan gaba, ƙwayoyin bakteriya ko na bairos ke kawo ta, sau da yawa bayan mura ko ƙyanda. Sanyi da hazon hunturu suna share mata fage, amma ba shan ruwan sanyi ko kwana a ƙarƙashin fanka ke haifar da ita ba, don haka rigar sanyi uku ba ta warkar da ita. Yaro mai tamowa ya fi kowa shiga hatsarinta, kuma saboda rashin ƙarfi alamominsa kan zo a raunane. A 'yan ƙasa da shekara biyu akwai kumburin ƙananan hanyoyin iska, wanda ƙwayar RSV ta fi kawowa. Yana farawa kamar mura, ya fi tsananta a rana ta uku zuwa ta biyar, don haka wanda aka duba ranar farko aka ce mura ce, a ci gaba da ɗaga rigarsa. Asma takan dawo a kai a kai, ta fi tashi da dare, ko in an shaƙi ƙura ko hayaƙi. Akwai kumburin maƙogwaro mai zuwa da dishewar murya da tari mai kama da haushin kare, yawanci tsakanin wata shida da shekara uku. Akwai tarin shiƙa, wanda a ƙananan jarirai kan zo da ɗaukewar numfashi maimakon tarin.

Mashaƙo kuma mun ga aikinsa da idonmu. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke a Najeriya, Kano ta fi kowace jiha jin jiki, a 2023 kuma ya addabi jihar Damagaram a Nijar. Ciwon wuya, kumburin wuya ta waje, da wani tantani mai launin toka da ke manne a maƙogwaro, su ne alamunsa. Kada a yi ƙoƙarin kankare tantanin. Maganin dafinsa sai a asibiti.

Ba kowane haki ne daga huhu yake ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ƙarancin jini, da bushewar jiki bayan gudawa suna sa numfashi mai zurfi da sauri ko babu tari. Jaririn da ke jiƙewa da gumi in yana shan nono, ga shi ba ya ƙiba, a duba zuciyarsa. Mai sikila da ya haɗa zazzaɓi da ciwon ƙirji ko haki, ba a kwana da shi a gida. Yaron da ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin ɓarnar kananzir a huhu take, amai kuma shi ke kai shi can. Rarrabe waɗannan duka aikin likita ne. Na gida shi ne ya gane cewa numfashin ba daidai yake ba.

Abin yi da abin bari

Idan saurin numfashi ne kaɗai, yaron yana sha yana ci, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ba gobe ba. Akasari amoksisilin za a ba shi, wanda ake narkawa a ɗan ruwa ko nono, safe da yamma. A shanye kwanakin da aka rubuta ko da ya warware, a koma bayan kwana uku a sake duba shi, ko kafin haka in abin ya ƙaru. Idan kuwa akwai loɓawar ƙirji, nishi, ƙara a natse, canjin launi, kasa sha, aman duk abin da ya shiga ciki, jijjiga, ko nauyin barcin da ba a iya tashinsa, to tafiya ce ta yanzu, ko ƙarfe biyun dare ne, kuma in da zaɓi a nufi asibitin da ke da oksijin. A can za a maƙala masa 'yar na'ura a yatsa. Idan ta nuna ƙasa da 90, yana buƙatar oksijin. Wasu iyaye suna ƙin a sa wa ɗansu robar hanci, wai duk wanda aka sa wa ba ya tashi. Gaskiyar ita ce an saba kai yara a makare, sai a ɗora wa oksijin laifin jinkiri.

A hanya a riƙe shi a ƙirji, kansa a sama, yadda za a riƙa ganin fuskarsa. Goyo a baya da ɗaurin zane tamau, ga hijabi an lulluɓe, yana matse ƙirjin da ke neman sarari, kuma uwa ba ta ganin abin da ke faruwa. In yana iya kama nono a ba shi kaɗan-kaɗan. In ba ya iyawa, kada a yi masa ɗura, don kunun da aka ɗura wa mai haki huhu yake wucewa. In an isa kada a bi layi a zauna shiru. A samu nas a faɗa mata abin da aka gani kai tsaye: "Malama, wata bakwai gare shi, na ƙirga numfashinsa 58, haƙarƙarinsa na loɓawa, tun jiya bai kama nono ba." Wannan ya fi "ba ya jin daɗi" saurin tashin ma'aikaci daga kujera.

Wata magana kuma ta magidanta ce. Yara da yawa suna kwana da nishi ne saboda maigida ya yi tafiya, ko wayarsa ba ta shiga, uwa kuma ba ta da izinin fita ko kuɗin mota. Wannan izini tun yaro yana lafiya ake bayar da shi, a faɗa a gaban kowa, a kuma ajiye wani abu don irin wannan dare.

Abubuwan bari suna da yawa, yawancinsu kuma da kyakkyawar niyya ake yin su. Maganin tari na kwalba ba ya warkar da nimoniya, wasu ma suna sa barcin da ke ɓoye alamun. Mai kodin a ciki yana danne numfashin kansa, Najeriya ta hana shi tun 2018. A 2022 gurɓataccen maganin tari da mura ya lalata ƙodar yara a Gambiya, sama da 60 suka rasu. Ragowar maganin wani yaro, ko allurar da mai kemis zai yi ba tare da ya ɗaga riga ba, kwana suke ci. Man zafi a hancin jariri yana ƙara masa majina da kumburi. Sirace da tafasasshen ruwa ya ƙona yara da yawa, turare da hayaƙin magani kuma ƙara shaƙe su suke yi. Zuma tana lafar da tari, amma ba a ba wanda bai kai shekara ba. Cire beli da tsaga a haƙarƙari ba sa kai wa huhu, sai dai su ƙara zubar jini da ƙwayar cuta a kan ciwon da ake da shi.

Kariya ba ta da tsawon bayani. Allurar rigakafi ta sati 6, 10 da 14 tana ɗauke da ta mashaƙo da tarin shiƙa da manyan ƙwayoyin nimoniya biyu, ta ƙyanda kuma a wata 9 da wata 15. Nono zalla har wata shida. Sai hayaƙi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke danganta wa kusan rabin mace-macen nimoniya a ƙananan yara: goyo a gaban murhun itace, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, maganin sauro na kunnawa, taba, da janareto kusa da taga.

Idan ya ƙware

Wannan shi kaɗai ne ba ya jiran asibiti. Yaro yana lafiya lau, yana cin gyaɗa ko aya, ko yana wasa da dutsen ado ko murfin biro, nan take sai tari da kakari. Idan yana tari da ƙarfi, ko yana kuka da murya, iska na wucewa, a bar shi ya yi tarin. Kada a ba shi ruwa, kada a zura yatsa ana lalube, don tura abin ake yi ciki. Sai in ana ganin sa ƙuru-ƙuru a baki za a ciro.

Idan murya ta ɗauke, ba tari ba kuka, wanda ke kusa shi ne likita. Ɗan ƙasa da shekara a kifa shi a kan hannu ko cinya, kansa ya fi ƙirjinsa ƙasa, a tallafe haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar da ƙarfi. In bai fito ba a juyo shi rigingine, a danna tsakiyar ƙashin ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, da yatsa biyu sau biyar. Ba a danna cikin jariri. Wanda ya wuce shekara a sunkuyar da shi gaba a buga bayan sau biyar, sannan a tsaya ta bayansa, a sa dunƙulen hannu tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, a fizgo ciki da sama sau biyar. A yi ta maimaitawa, wani kuma yana neman abin hawa. Ko abin ya fito, a kai shi a duba.

Wani lokaci tarin yakan lafa a ɗauka an haɗiye abin, alhali ya gangara cikin reshe ɗaya na huhu ya zauna. Bayan kwanaki ko makonni sai a ga tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko fito a gefe ɗaya, ko nimoniyar da ke warkewa tana dawowa wuri guda. Gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji yadda ƙarfe ke fitowa, don haka likita ba zai yi zargin ta ba sai an gaya masa cewa ran kaza yaron ya taɓa ƙwarewa. Ciro ta sai a babban asibiti, da na'urar da ake zurawa ta maƙogwaro bayan an sa yaron barci. Kafin shekara biyar, gyaɗa da aya a daka su ko a niƙa kafin a ba yaro.